Yadda Jinyar Dogo Ta Cinye Shanun Huɗata

Ɗan'uwanku Bashir ne ya tayar da maganar, ran da ya bugo waya daga ƙasar da yake aiki. Ya ce can kullum ana cacar baki a rediyo kan baƙin da ke zuwa daga wasu ƙasashe su kwanta a asibitin gwamnati, nawa suke ci, wa zai biya, ko a tare su tun daga ƙofa. Na ce masa in suna neman wanda ya san kuɗin jinyar baƙo su aiko mini da mota, ni na taɓa biya. Ya yi dariya, ya ɗauka irin zancena ne. To ga shi zan rubuta muku ku duka bakwai, da wannan hannu nawa na ɗan aji uku wanda kaza ta fi shi iya zane a ƙasa. Kun taso kuna jin 'yan unguwa na cewa babanku ya kai shanun huɗarsa caca. Na yi caca a rayuwata, ba zan ɓoye muku ba, amma karta ba ta taɓa cin mini sa ba.

Lokacin daji bai lalace ba. Mutum zai tashi da sassafe ya wuce Kakangi ya nutsa kurmi shi kaɗai, abin tsoronsa bai wuce kububuwa ba. Ina da amya kusan talatin rataye a bishiyoyi, zuma ce sana'ata, kuma tunda Allah na gani, zumata takan sha ruwan sukari kafin ta isa kasuwa. Shekara tara ina tara kuɗi kwalba-kwalba kafin na sayi shanun nan biyu, ɗaya fari ɗaya ja. Damina ɗaya tak na yi huɗa da su. Innarku Asabe takan ce da safe su nake fara gaisarwa kafin ita, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ana cikin bazara, ruwa na gab da sauka, wani direba ya sauke wani Bature a tasha ya nuna masa rumfata. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai muka sa masa Dogo, don sai ya sunkuya yake shiga zaurena. Tsohon malamin makaranta ne, kiwon zuma ne abin sonsa, ya ji labarin yadda muke rataya amya a sama ya zo ya gani da idonsa. Hausarsa ba ta fi kalma ashirin ba, rabi gaisuwa. Jaka ɗaya ya zo da ita, da wani takalmi da ya sha ɗinki, kuma har kuɗin acaɓa tayawa yake. Na ce a raina wannan rowar masu kuɗi ce, mai shi ba ya nunawa. Na share masa zaure na shimfiɗa sabuwar tabarma, innarku ta yanka masa zabo. Ya zama baƙona.

Rana ta uku muka ɗaura wa shanu amalanke muka shiga daji da sababbin amya. Yana ta ɗaukar hoto daga ƙasa, ni kuwa ina lissafin yadda zan ƙara masa daɗi don sallama ta yi kauri. Muka zo gindin wata ɗorawa, na haye kamar biri, na yafuto shi. Ya girgiza kai. Na buga ƙirji, na yi tsalle a kan reshen don ya ga ƙarfinsa. Abin da na manta, reshen nan shekara goma yana ɗaukata ne saboda ni ban fi buhun gero ba, shi kuwa Dogo ya yi biyuna har da canji. Ya hau, ya leƙa bakin amya, fuskarsa ta cika da murna, sai reshe ya ce ƙaras. Ni na maƙale a na sama. Shi ya sauka a kan kututture. Cinya ta karye, ƙashi ya huda fata, jini na tsartuwa kamar an yanka rago. Na cire rigata na ɗaure masa tam. Da fari gidan maɗori na yi niyya, amma da na ga rigar ta jiƙe kafin mu fita kurmi, na san wannan ba aikin kara da tsumma ba ne. Shanun nan ban taɓa dukansu ba sai ran nan. A bakin titi muka tari akori-kura mai itace, na bar wa wani manomi amalanke ya kai mini gida.

Ku da kuka san asibitin gwamnati irin namu ba sai na yi muku bayani ba, amma saboda jikoki. Gwamnati ta ba da gini da gado da likita. Saura duk na dangi ne: allura, auduga, ledar ruwa, abinci, juya mara lafiya, zubar da fo, har jini. Mara lafiyar da ba shi da mai jinya tamkar buhu ne da aka ajiye a tasha. Wadda ke riƙe da ɗakin maza ran nan Sista Rifkatu ce, 'yar Kusasu, mace mai ido ɗaya a kan aiki ɗaya a kan maƙaryata. Ta san ni farin sani. Ta ɗauko kati da biro.

"Malam Tanko, ina danginsa?"

"Suna bayan teku, Sista."

"To wa zan rubuta? Ba na kwantar da mutum babu mai jinya."

"Rubuta ni. Ƙanena ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba.

"Uwa ɗaya?"

"Uba ɗaya. Shi da uwarsa ya yi kama."

Ta kama babban yatsana ta dangwala a tawada ta manna a katin, ta ce Allah ya bar zumunci.

Likita yaro ne amma hannunsa na da kyau. Ya tsayar da jinin, ya fito ya ce aikin ƙashin sai Kaduna, amma a yadda mutumin nan yake ba zai kai rabin hanya ba sai an ƙara masa jini leda biyu, kuma yau ake so, ba gobe ba. Matsalar, jininsa irin wanda ba a cika samu ba ne, kuma babu shi a firij. Aka soki yatsana, bai dace ba, na yi hamdala a ɓoye don ni da allura ba ma ga maciji. Aka gwada likitan kansa da Sista da maigadi, babu. Wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna, sai muka zaro wata takardar inshora daga jakarsa muka ba direban Kaduna ya kai inda adireshin ya ce. Ni kuma na fita neman jini.

Na bi majalisa uku. Kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya, babu wanda ya miƙe. Ruwa na gab da sauka, wa zai rage jininsa sannan ya riƙe fartanya? A majalisa ta ƙarshe Malam Iro mai faci, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa a wannan asibitin shekarar da ta wuce, ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Tanko, ran da nake yawon neman leda ɗaya na zo rumfarka. Ka ce kana zazzaɓi."

"Haka ne, Malam."

"Mu da aka gina wa asibitin ba mu samu ba. Yanzu wanda ya zo yawon ganin ƙudan zuma ne za mu tsiyaye masa?"

Zazzaɓin nan ƙarya ne, shi ma ya sani.

Na juyo, sai na tuna ran kasuwa ce. Tun daga nesa nake jin mai maganin basir yana ta zuba a lasifika. Nan Shaiɗan ya dafa kafaɗata, ko mala'ika, har yanzu malamai biyu sun ba ni amsa biyu. Na ba mai maganin kwalbar zuma ya ara mini lasifikar, na taka buhunan masara na haye, na gyara murya.

"Jama'a ku saurara. Baturen da ke kwance a asibiti yana gaishe ku. Ya ce duk wanda aka gwada jininsa ya dace da nasa, ya ba da leda guda, yana da sa guda. Sa mai rai, mai ƙaho, mai tozo. Mutum biyu kawai ake nema."

Baturen da ke gaishe su a lokacin bai san inda kansa yake ba. Amma a lissafina, mutumin da ya hau jirgin sama don kallon amya, sa biyu a wurinsa kuɗin goro ne. In ya farfaɗo zan gaya masa, ya biya, har ya gode mini da dabara.

'Ya'yana, da kun ga kasuwar nan. Kamar an taɓa gidan tururuwa. Mahauta suka bar tebur da wuƙaƙe a ƙugu, 'yan acaɓa suna ɗaukar mutum uku-uku, matan Gbagyi suka sauke itace daga kafaɗa suka ɗaure zane, Fulani suka biyo baya da sanduna suna tafiyar nan tasu kamar ba sauri suke ba alhali sun riga kowa isa. Mai maganin basir kansa ya naɗe tabarma ya bi sahu. Ni ina gaba a kan acaɓa ba riga, kamar sarkin yaƙi. Layi ya tashi daga ɗakin gwaji ya fita ƙofar asibiti ya karya kwana wajen masu lemo. Wani tela fari sol yana ture mutane, wai a fara da shi, ai kowa ya gan shi ya san jininsu ɗaya. Shi aka fara sallama. Wani tsoho aka ce ya yi tsufa, ya rantse jininsa sabo ne bai taɓa amfani da shi ba. Sista Rifkatu ta leƙo ta taga ta ga taron, ta nemo ni da ido.

"Me ka gaya musu?"

"Wa'azi na yi musu, Sista."

Daɗin bai daɗe ba. Mai gwaji ya ce kowane sukan yatsa da kuɗinsa, kuma a kati an rubuta wanda zai biya. Haka na tsaya a bakin taga ina zaro cinikin zumar bazara ɗaya bayan ɗaya, kowane yatsa aka soka sai in ji a aljihuna. Wajen la'asar aka samu na farko: Jauro Bello, Bafulatanin da ke da ruga ta wajen Gayam, mutumin da shanunsa in sun tare hanya sai direba ya kashe mota. Ruwa ya koma kogi. Ya kwanta aka ɗiba yana taunar asuwaki. Daga nan shiru. Yatsa ashirin, yatsa talatin, babu. Ruwan gwajin ya kusa ƙarewa, likita ya fito sau biyu yana duba agogo, Dogo ya koma launin toka, leɓɓansa kamar an shafa alli. Na fara tunanin yadda ake binne Bature da wanda zai tambaye ni. Sai mai gwaji ya leƙo ya ce an samu ta biyu. Na kutsa ciki ina ture mutane, na tarar da innarku zaune a benci, auduga a yatsa, kwanon fate a gefenta.

"Ke kuma me kike yi a nan?"

"Abincin baƙonka na kawo, Malam. Ka matsa, ka tare wa mutane iska."

Ita da ko kaza aka yanka takan kau da kai, ta miƙa hannu aka cika leda. Ni da na tsaya kallo ni aka yi wa fifita. Da na dawo hayyacina abin da ya fara zo mini shi ne lissafi: san Bature ɗaya gidana zai shigo. Shanu uku. Na ce lallai Allah na son mai dabara.

Kafin magariba Dogo ya buɗe ido ya ce sannu, ɗaya daga cikin kalmominsa ashirin. Kwana huɗu na yi a tabarma gefen gadonsa. Na juya shi, na goge shi, na zubar da abin da ban taɓa zubar wa ubana ba. Gari kuwa ya mai da ɗakin maza wurin dubiya. Wannan ya kawo ƙwai, wannan fura, wannan ya zo kallo ya fake da addu'a. Malam Iro bai shigo ba, amma ya aiko da lemo biyar.

Rana ta biyar motar ɗaukar marasa lafiya ta iso daga Kaduna, da wani ɗan birni mai laƙtaye daga kamfanin inshora. Ya je taga ya biya kuɗin asibiti, kati da gado da ɗinki, duka bai kai kuɗin tunkiya ba. Ya karɓi rasit ɗin kemis da na gwaji waɗanda suka tsira, don rabi na naɗe wa mutane goro da su, ya biya ni a take. Na ja shi bayan ɗakin magani na ce saura shanu.

"Wane shanu, Baba?"

Na ba shi labari. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Kamfani ba ya sayen jini. Abin da ba rasit ba biya. Kuma mutumin nan da kake gani fansho yake ci. Shekara uku ya yi yana tara kuɗin jirgi, shi ya gaya mini. In kana so ka tambaye shi da kanka."

Amma na ce komai talaucin Bature ai ba zai rasa abin sayarwa ba. Na shirya maganata tsaf, na roƙi Sista ta yi mini tafinta, muka shiga ana shirin ɗaga shi. Kafin in buɗe baki ya cafke hannuna da hannu biyu ya fara magana, hawaye na bin gemunsa. Sista tana juyawa, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Ya ce an gaya masa kasuwa guda ta watse saboda shi. Ya ce a ƙasarsu baƙo in ya kwanta, takardar kuɗi ce ke fara zuwa masa dubiya. Ya ce bai taɓa jin garin da mutane suka yi layi su ba da jini ga wanda ba su san sunansa ba. Zai faɗa wa 'ya'yansa, zai faɗa a cocinsu. Ya ce kai mutumin kirki ne." Ta dubo ni. "Yana tambaya ko akwai abin da ka kashe da ba a biya ka ba."

Sannan ta ƙara nata, ƙasa-ƙasa.

"In za ka faɗa ka faɗa, ni tafinta ce. Amma da bakinka za ka ce sa suka biyo."

Na san zai biya. A idonsa na gani, ko bashi zai ci sai ya aiko. Sannan ya koma gida da sanin cewa layin nan na sa ne, ba nasa ba. Mutumin da ya ci tuwo a zaurena, wanda ni na yafuto shi kan reshe. Kada ku ɗauka kirki ne zalla ya kama ni. Ina da shekara arba'in da wani abu a duniya, an kira ni wayo, an kira ni ɗan duniya, an kira ni abin da ba zan rubuta ba, amma ba a taɓa riƙe hannuna an ce mini mutumin kirki ba, ko da ta bakin tafinta. Daɗin abin ya hau mini kai kamar hayaƙin tabar da ba a saba ba.

"Ce masa babu komai. Ce masa mu nan haka muke."

"Haka kuke?"

"Juya kawai, Sista."

Mota ta tafi. Na tsaya ina ɗaga hannu har ƙura ta kwanta, ina jin kaina kamar hakimi.

Washegari da hantsi Jauro Bello ya yi sallama, da igiya a kafaɗa. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na fara zagaye-zagaye, cewa Bature ya tafi, kamfani ya ƙi, zamani ya lalace.

"Ni ban ji muryar Bature a lasifika ba, Tanko. Taka na ji."

"Haba Jauro. Kai da ba ka san adadin naka ba, me sa ɗaya zai ƙara maka?"

"Ba abin da zai ƙara mini. Kai zai rage wa." Ya kurɓi ruwa. "Shekara nawa ina sayen ruwan sukari a wurinka da sunan zuma? Yau dai zan sha ta gaskiya."

Ya zagaya turke ya buɗe bakin wannan ya buɗe na wancan, ya zaɓi jan. Ina tsaye ya fita da shi ta ƙofar da na shigo da shi. 'Yan unguwa na kan dakali suna kallo, kuma tunda na kasa faɗin gaskiya, wani ya ce caca ce, na bar ta a haka. Gara a ce na yi caca da labari ya bi direbobi ya isa Kaduna inda Dogo ke kwance.

Na dawo ina lallashin kaina cewa ai saura farin, in haɗa da na maƙwabci mu riƙa karɓa-karɓa. Sai na tarar innarku ta kwance shi tana ja zuwa bayan ɗakinta, inda ta riga ta sa an kafa sabon turke.

"Ina za ki kai shi?"

"Mutum biyu ka ce, Malam."

"Asabe, ni da ke ai ɗaya ne."

"Da ledar da aka cika ɗaya muke? Kai fifita aka yi maka."

Damina ta sauka ba ni da sa ko ɗaya. Ita ta haɗa nata da na maƙwabci suna huɗar haya, ni ma in ina so sai in bi layi in biya kamar kowa, ba ragi. Rabin gonata da garmar hannu na yi ta, bayana bai sake miƙewa daidai ba tun daga shekarar. Hatsi ya ƙare mana tun kafin sabo ya nuna. Hajara, ke kin isa tunawa, shekarar da kuka yi wata biyu kuna cin rogo safe da yamma, kika tambaye ni ko tuwo ya yi tafiya. Abin da ya rufa mana asiri har kaka kuɗin hayar farin sa ne, daga ƙullin zanen innarku. Dogo ya aiko wasiƙa sau biyu da hotonsa tsaye da sanda a gaban akwatunan zumarsa. Sista ta karanta mini. Na sa ta rubuta masa cewa kowa lafiya, shanu ma suna gaishe shi.

Abu ɗaya ne ban taɓa tambaya ba sai makon jiya, da na zo daidai nan a rubutun. Innarku tana tsince shinkafa a tsakar gida, na ce mata tsakaninta da Allah, ran da ta shiga layin nan, ta san da maganar sa?

"Ban sani ba. Daga gida na zo. Sai da aka zare allura Jauro ya gaya mini."

"To don me kika karɓe shi?"

Ba ta ko ɗago kai daga faifan ba.

"Jinin kyauta na ba baƙo. San kuwa tara na ci ka, don ka yi alkawari da sunan mutumin da ke kwance bai san inda yake ba. Ka rubuta musu haka, kada ka gyara."